Kwandon Kala da Abin da Almakashina Ya Sani

Goggo, ke mai amsa wasiƙun masu damuwa, ki cece ni da shawara kafin Lahadin farko na watan gobe. Na yi faɗa na yi nasara, nasara irin wadda ake ba jikoki labari, amma wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa. Kada ki fara da ce mini in yi haƙuri. Shekara hamsin da biyu ina jin kalmar nan, na ƙoshi da ita. Ki karanta har ƙarshe tukuna, ko da wasiƙar ta yi tsawo, don ni tsohuwar malamar makaranta ce, ban iya gajeren bayani ba.

Mahaifinmu tela ne. Da keke ɗaya ya fara a rumfa, ya rasu ya bar ma'aikata mai keke ashirin da huɗu, inda muke ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikatan asibiti. Mu biyu ne 'ya'yansa: ni, sai ƙanena da na ba shekara goma sha ɗaya. A bayana ya yi wayo. Har yau Auta nake kiransa, ko da yake masu aikinmu na ce masa Manaja. Na koyar da tarihi shekara goma sha takwas a sakandare, da hannun Baba ya fara rawa sai na ajiye allin allo na ɗauki allin yadi, na zama mai yanka. Ma'aikatar kuwa Auta Baba ya rubuta wa a wasiyya, ni ya bar mini gida. Ban yi jayayya ba a lokacin, kuma ba ita ce maganar yau ba. Na faɗa ne don ki san cewa yadin na Auta ne, almakashin ne kawai nawa.

Ga yadda aikin yake. Ana shimfiɗa bandir a kan dogon tebur, ninki a kan ninki, in jera kwalayen yanka, wato siffar gaban riga da baya da hannu da kwala, in zagaye su da alli, in bi da almakashi. Komai gwanintar mai yanka sai an sami ragowa, don riga ba murabba'i ba ce. Baba yana da ƙa'ida tun yana rumfa: duk ƙyallen da ya faɗo, tare da taki ɗaya na ƙarshen kowane bandir, a kwando ake jefa su. Kwandon yana bayan ƙofar baya, inda ba a hango shi daga ofis. Ya sa masa suna kwandon kala, saboda dokar nan ta Nassi da ta hana mai gona girbewa har bakin iyaka ko komawa tsince abin da ya zube, ta ce a bar wa talaka da baƙo da gwauruwa. Baba bai taɓa riƙe fartanya ba, amma yakan ce teburin yanka gonarsa ce, kuma gonar da ba ta da baki ba ta Allah ba ce.

Matan unguwa ne ke zuwa. Zawarawa, da masu mazan da aiki ya ƙare musu, har da wasu cikin ma'aikatanmu. Ba a tambayar suna, ba a tambayar addini, ba a tsayawa jiran godiya. Mace ta duƙa ta zaɓi abin da za ta iya juyawa ta tafi. Su haɗa guntu da guntu su yi murfin gado, jakar makaranta, siket ɗin yara, su sayar. Na san wadda da ƙyallen nan ta sayi kekenta.

Bari in yi wa Auta adalci, ko da yana yi mini ɗaci. Yaron ya yi karatun kasuwanci, kuma karatun bai tashi a banza ba. Shi ya gyara rufin da muka yi shekara tara muna tara wa bokiti. Shi ya kawo kekuna masu wuta. Tun da ya karɓi ofis albashi bai taɓa kwana ba. Ba ya sha, ba ya zagi, yana ba da zakkarsa. To, wata bakwai kafin abin da zan ba ki labari, na shigo da safe na iske wurin kwandon fayau, an share har da ruwa. A madadinsa ga buhuna da ma'auni. Wai zai riƙa sayar da ƙyallen wa masu cusa katifa. Matan kuma ya ce bai manta da su ba: ya ƙirƙiro Ranar Taimako, duk wata uku a harabar coci, da tuta mai sunan ma'aikata. A jera su a layi, a miƙa wa kowace rigar da aka ɓata wurin ɗinki, a ɗauki hoto, a tafa.

Na yi magana a ofis, na yi a gida, na yi a mota. Ya ce dukiya amana ce, kuma bawan da ya binne abin da aka damƙa masa shi aka tsawata wa. Ya ce Nassi bai yarda wanda ya ƙi aiki ya ci ba. Ya ce kyauta sai da yardar zuciya, kwandon kuwa yana koya wa mutane cewa suna da rabo a abin da ba su yi gumi a kai ba. Duk na shanye. Sai wata Laraba a wurin nazarin Nassi, a gaban jama'a, ya yi murmushin nan nasa na masu digiri ya ce a yi wa yayarsa addu'a, littattafai sun mai da ita 'yar gurguzu.

Akwai wata tsohuwa da muke kira Kaka Mai Anini, don ita ke sa wa riguna maɓalli tun zamanin rumfa. Ta haura saba'in, kunnenta ya yi nauyi. Ta ɗaga murya ta tambaya yaushe na fara sayar da irin yakuwa ba ta sani ba, wai in ajiye mata gwangwani ɗaya na shuka. Ɗakin ya ɗauki dariya har fasto. Ni kaɗai ban yi ba.

Gurguzu, Goggo, ni? Na karanta manyan littattafansu tun Auta na fitsarin kwance. Na koyar da ɗalibai labarin ƙasashen da hukuma ta ƙwace gonaki ta ce na kowa ne, manoma suka koma bin layi don abin da suka noma da hannunsu, aka rufe majami'u da kwaɗo. Na karanta na 'yan jari-hujja su ma, masu cewa kasuwa na da wani hannu da ba a gani wanda ke daidaita komai. Na ce wa Auta ƙila hannun ne ya ɗauke kwandon, tunda ba wanda ya gan shi.

Da fasto ya ga cocin ta rabu biyu, masu cewa kayan Auta ne ya yi yadda ya so da masu cewa ya ci amanar Baba, sai ya sa rana. Lahadi bayan sujada, a ajin yara, dattawa suka zauna a ƙananan bencina gwiwa kusa da haɓa. Kowa minti goma sha biyar. Auta ya zo da takardu masu zane-zane, ya yi bayani mai tsabta, ban rage masa ba. Da na tashi ban ɗauki takarda ba. Na ce ban taɓa cewa ma'aikatar ta kowa ce ba. Tasa ce, da kekunan da bandir ɗin da ribar, kuma wanda ya taɓa masa keke ɗaya ni zan fara kai shi ƙara. Dokar kala ba ta ƙwace gona daga mai ita ba, ta bar masa tsakiya da girbi da rumbu. Abin da ta ce kawai shi ne bakin gonar tun asali ba nasa ba ne, don ƙasar ma aro aka ba shi. Na ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Daga nan na juya kan maganar aiki. Na tambayi dattawa wa ya fi aiki, matar da ta duƙa ta tsinci ƙyalle ta zauna kwana huɗu tana haɗa shi, ko matar da aka tsayar a rana ta miƙa hannu ta kalli mai hoto. Kala ba sadaka ba ce, aiki ne da aka bar wa mutum ƙofarsa a buɗe. Na ce ni dai a duk karatuna wuri ɗaya na san ana rufe wa mutane hanyar neman na kansu a jera su a layi su jira rabo daga hannun ofis, kuma sunan wurin ne ƙanena ya laƙaba mini ranar Laraba. Don haka a duba da kyau a ga wa ya kamata a yi wa addu'a. Goggo, wani dattijo sai da ya cire tabarau ya goge ido don dariya.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba, Allah ne shaidata. Kaka Mai Anini ce ta ƙulla shi. Aka turo ƙofa, mata suka fara shigowa, talatin da ɗaya, na ƙirga. Kowace tana sanye da abin da ta ɗinka daga kwandon: shuɗin kayan makaranta da koren asibiti da fari da toka, guntu jikin guntu, siket da riga da ɗankwali da jaka. Wasu ba 'yan cocinmu ba ne, wasu ba Kirista ba ne ma, suka tsaya a jikin bango. Kaka ta tako da sandarta ta ajiye rigar Ranar Taimako a kan takardun Auta, a ninke, ko sawa ba ta yi ba. Ta ce: "Manaja, shekara arba'in ban taɓa roƙon babanka ba. Ya bari, na ɗauka, na ɗinka. Ga rigarka, hoton kuma ka riƙe."

Dattawa ba su da iko a kan ma'aikatarsa, kowa ya san haka. Amma Auta ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya miƙe ya ce ya ji, kwando zai koma wurinsa gobe. Ranar Litinin da kansa ya ɗauko shi daga sito, ya kakkaɓe, ya ajiye bayan ƙofa. Matan keke suka ɗauki waƙar yabo, kekuna ashirin da huɗu na yi musu kiɗa, mai guga na buga tebur. Na jefa ƙyallen farko da hannuna. Yanzu in na bi titi mai burodi da mai gyaran takalmi Lauya suke kirana, ni kuwa ina amsawa. Ban ji kunyar jin daɗin ba. Na kayar da shi a gaban jama'a kamar yadda ya tozarta ni a gaban jama'a, kuma in an sake sa rana gobe zan sake kayar da shi.

To ga ƙashin da ya tsaya mini. Lokacin da ya miƙe a ajin nan bai tsaya a maganar kwando ba. Ya dube ni ya ce: "Yaya ce mai yanka, almakashinta bai taɓa cin amana ba. Abin da ya faɗo daga teburinta, na yarda kala ne."

Goggo, almakashin ya ci. Duk watanni bakwai ɗin nan da ƙyalle ke tafiya buhu, ni ban zauna ba. Takin da Baba ke bari a ƙarshen bandir na mai da shi kamu, daga baya kamu biyu. Nakan yanke shi kafin a shimfiɗa, in ninke, in tura wa Kaka ƙarƙashin gwangwanin maɓalli, ta raba wa mata. Ita ta ɗauka da sanin Manaja ne, ban gyara mata ba. Na gaya wa kaina ai akwai labari a Nassi na wani mai gona da a gonarsa aka riƙa zubar wa wata baƙuwa zangarniya da gangan don ta tsinta. Na gaya wa kaina aikin Baba nake ci gaba da shi. Ranar nasara kuwa, cikin matan da ke jikin bango, na ga siket uku masu gaban shuɗi sumul, faɗin da babu ragowar da za ta ba da shi. Duk mai yanka zai gane da kallo ɗaya. Auta ba mai yanka ba ne.

Kuma ba nan ya tsaya ba. Ya lura bandir ɗin da ke ba da riga arba'in ya koma ba da talatin da bakwai. Bai ko kalli wajena ba. Ya ce mai kawo mana yadi ne ke rage awo, ya sallame shi, ya kuma gaya wa wasu teloli biyu su yi hattara. Mutumin dattijo ne, abokin Baba tun suna samari, shi ya riƙe kan makara ranar jana'iza. Ya zo ya tsaya a ƙofar ofis yana rantsuwa, ina jinsa daga teburina ina wasa almakashi. Na yi shiru don a lokacin ina cikin yaƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Lahadin farko na watan gobe Jibin Ubangiji ne, ranar da muke karɓar gurasa a coci, kuma na san abin da aka ce game da wanda ya zo gaban bagade ɗan'uwansa na da magana a kansa. In na faɗa, Auta zai ce ashe gaskiyarsa ce, mai kwando ɓarauniya ce, ya mayar da buhuna. Mata talatin da ɗaya su rasa abin da suka tsaya a kai da mutuncinsu, a ce abin da suka sa ranar na sata ne. In na yi shiru kwando ya zauna, dattijo ya mutu da sunan mai rage awo. Haushin da nake ji shi ne ina da gaskiya. Ina da ita tun daga farko har ƙarshe, kamu biyun nan ne kawai. Shin dole ne in zubar da nasarar mata talatin da ɗaya saboda kamu biyu? Ko in nemi wata hanya in gyara wa dattijon ba tare da an san dalili ba? Ki faɗa mini gaskiya, na iya ɗaukarta, ni ma ita nake ba mutane.

Taki,
Mai Almakashi

*

Ƙanwata Mai Almakashi,

Ba zan ce ki yi haƙuri ba. Barka zan fara ce miki, da babbar murya. Kin yi faɗa mai kyau a kan abu mai kyau, kuma kin yi shi da ilimi. Na karanta wurin shigowar matan nan sau biyu, na tashi na zaga ɗaki. Maganarki daidai ce: imaninmu bai ce a ƙwace gona daga mai ita ba, bai kuma yarda mai ita ya share ta har bakin iyaka ba. Hakki dabam, kyauta dabam, kuma talakan da aka bar wa hanyar aiki ya fi wanda aka ba riga da hoto mutunci. Wannan nasara ta gaskiya ce, kamu biyu bai soke ta ba. Ki riƙe ta.

Amma ki ba ƙanenki nasa. Gonar da ba a noma ta da kyau ba ta da kala. Rufin da ya gyara da albashin da ba ya kwana su ma adalci ne, kuma mata ashirin da huɗu na cin abinci da su. Ya yi kuskure da ya ɗauka duk abin da za a iya sayarwa dole a sayar, ya ƙara da kuskuren kunyata ki a bainar jama'a. Sai dai ki lura da abu ɗaya. An kayar da shi a gaban dattawa da ma'aikatansa, yana da ikon ya tattara takardunsa ya ce kayana ne, amma ya miƙe ya yarda, har ya yabe ki. Mutumin da ke yabon wanda ya kayar da shi ba abokin gaba ba ne. Tarbiyyar babanku ce, da ta bayanki.

Yanzu ga naki. Labarin da kika fake da shi kin san shi fiye da ni, kuma kin san inda kika tsallake: mai gonar ne ya ba da umarni a zubar, ba mai girbi ne ya yanke wa kansa ba. Ke da bakinki kika gaya wa dattawa tsakiyar gona ta mai gona ce. Taki ɗaya kala ne, kamu biyu girbi ne. Wata bakwai kin yi abin da kika zargi masu gurguzu da shi: kin ɗauki na wani kin raba, don kin tabbata kin fi shi sanin inda ya dace. Ba na faɗa don in ƙona ki ba. Na faɗa ne don kin ce kin iya ɗauka.

Batun gyara wa dattijo a ɓoye kuwa, ki bar shi. Sunansa aka ɓata, kuma suna ba ya gyaruwa a ɓoye. A duk labarin nan shi kaɗai ne bai yi wa kowa komai ba, shi kaɗai ne kuma har yanzu yake ƙasa. Wadda ta tsaya wa mata talatin da ɗaya ba za ta taka tsoho ɗaya ta wuce ba.

Ga abin da za ki yi, cikin makon nan. Ki nemi ƙanenki bayan an tashi daga aiki, ku biyu kawai, a teburin yanka, ba a ofis ba. Ki shimfiɗa bandir ki nuna masa da alli inda Baba ke tsayawa da inda kika tsaya. Ki faɗa a taƙaice, ba tare da darasin tarihi ba, ba tare da "amma kai ma" ba. Ki gaya masa Kaka da matan ba su sani ba, don kuwa ba su sani ba, kuma siket ɗinsu da guminsu suka ɗinka. Ki bar shi ya faɗi yadda za ki rama masa, ki karɓa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ku je gidan dattijon tare da rana tsaka, ke ki yi magana, shi ya mayar masa da cinikinsa ya kuma kira telolin nan biyu. Ikilisiya ba ta buƙatar jin wannan, ba ita aka yi wa laifi ba.

Kina tsoron zai mayar da buhuna. Zai yi fushi, wannan kam ki shirya masa, kuma ki bar shi ya yi. Amma ba don tsarkin almakashinki ya mayar da kwando ba. Rigar da Kaka ta ninke masa ce ta mayar da shi, kuma rigar tana nan a ninke a ransa ko kin yi laifi ko ba ki yi ba. Ya yi alkawari a gaban shaidu, ya ɗauko kwandon da hannunsa. Ba zan rantse miki a kan zuciyar wani ba, amma na san kwandon da ke zaune a kan sirri kullum yana hannun ranar da sirrin zai fito, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wata rana wani mai yanka zai ga siket ɗin nan. Gara ya ji daga bakin yayarsa.

In ya huce, ki miƙa masa alli ki ce ya ja layi da kansa a ƙarshen tebur, ya nuna inda girbi ya ƙare kala ya fara, a bi shi da fenti. Taki ne ko ya fi, nasa ne ya faɗa. Daga ranar kwandon ya daina zama abin da kika ƙwata, ya zama ƙa'idar gidan, ko kina nan ko ba kya nan. Kuma don Allah, a gaban ma'aikata ki ce masa Manaja. Ki bar Auta sai an shiga gida.

Kin ci rabin yaƙin da baki, kuma duk unguwa ta ji. Sauran rabin ba mai tafi a wurin, amma shi ne zai sa na farkon ya daɗe. Ki je ki ƙarasa shi, Lauya, ki zo ranar Lahadi ki karɓi gurasa da hannun da ba ya ɓoye komai, ki yi waƙar da ƙarfi fiye da ta ranar Litinin. Ubangiji ya sanyaya zuciyar ƙanenki, ya mayar wa dattijo da sunansa, ya sa kwandon kada ya taɓa kwana wofi. Ki gaishe mini da Kaka Mai Anini, ki ce mata in irin yakuwar ya samu, ni ma a ajiye mini gwangwani ɗaya.

Goggo